Faifan Birkin da Ya Kai Ni Bodar Jibiya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku a motata. Ni ne a sitiyari, bakanikena yana baya da akwatin sifanoninsa, sai yayan matata a gaba. Shi Yaya ba harkar mota ce ta fito da shi ba. Ya daɗe yana aiki a Katsina kafin ya yi ritaya, ya san hanyar Jibiya ciki da waje, kuma da ya ji inda na nufa sai ya ce ba zai bari in tafi daga ni sai bakanike ba. Na yi masa godiya, ko da yake na san ƙanwarsa ce ta turo shi.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san motar, amma bari in yi wa sababbi bayani. Tsohuwar motar Jamus ce mai ƙarfin inji, kuma aiki biyu take yi a gidanmu. Daga Litinin zuwa Juma'a maiɗakina ce ke tuƙa ta, ta sauke yara a makaranta ta wuce wurin aikinta. Ranar Lahadi kuma ni nake ɗaukarta zuwa wani fili a bayan gari, inda mu masu son gudu muka shata hanya da tsofaffin tayoyi, muke zagaye muna gwada wa ya fi iya shan kwana. A irin wannan wasa ba inji ne ke fara gajiya ba, birki ne. Faifan birki, wato farantin ƙarfen nan da ke bayan taya wanda takalmin birki ke matsewa, yakan yi zafi har ya canza launi. Nawa na gaba sun ci wuta har sun karkace. Da an taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa. Wata safiya maiɗakina ta taka a bakin shataletale, motar ta yi ta girgiza da yara a ciki, saura kaɗan ta hau bayan wani mai adaidaita. Da ta dawo gida ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in zaɓa, ko in gyara birkin gyara na gaskiya, ko in bar zuwa filin.

Na zagaye kasuwar kayan mota ta Kano ban sami abin da nake so ba. Faifai akwai su birjik, amma na yau da kullum ne, ni kuwa marasa nauyi nake nema, masu jure zafi. A ƙarshe wani abokin wasanmu ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi, wanda kayansa ke zuwa ta tashar ruwa. Ya ce yana da kala uku, amma ba zai aiko ba sai an gwada a jikin mota, don an sha mayar masa da kaya. Muka yi da shi mu haɗu a Magama, bakin boda, da hantsi.

Hanyar Kano zuwa Katsina ba ta da laifi sosai, sai dai inda ake aiki da inda manyan motoci suka tattake. Mun wuce Bichi gari yana wayewa. A Tsanyawa muka tsaya muka sha koko da ƙosai a wurin wata dattijuwa, ƙosan da zafinsa, amma ya ƙanƙance ƙwarai. Yaya ya ɗaga ɗaya ya ce a zamaninsa wannan ɗanɗano ake ba yaro kafin ya saya. Matar ta ce ya je kasuwa ya tambayi kuɗin wake tukuna, sannan ya dawo su yi magana. Ya ci gaba da cin ƙosansa.

Tun daga nan na fara gane kuskuren tafiya da motar da birkinta ke rawa. A cikin gari abin yana zuwa jefi-jefi. A doguwar hanya kuwa, duk akuyar da ta gitta, duk rami, duk tudun rage gudu, sai karkarwar ta bi hannuna ta hau kafaɗa. Kafin mu kai Kankiya wuyana ya sage. Haka na daure daga Charanci har Katsina.

A hanya ne Yaya ya tambaye ni, wai shi me rashin nauyin faifan zai ƙara mini. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa nauyin da ke jikin taya ba ɗaya yake da nauyin da ke cikin but ba. Shi yana juyawa ne, kuma yana hawa yana sauka tare da taya, don haka in ya ragu taya ta fi kama ƙasa, mota ta fi saurin amsa sitiyari a kwana. Amma kuma ƙarfen shi ne ke shanye zafi, in aka rage shi da yawa sai birki ya ƙone da wuri. Ya saurara har na gama, ya tambayi kilo nawa ake magana. Na ce kamar biyu a kowane gefe in an dace. Ya dubi cikina, ya ce, "Injiniya, da ka rage tuwon dare ai da mun huta da wannan tafiya." Bakanike ya yi dariya har da buga kujera.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba nisa a taswira, amma tafiyar ba ta ƙarewa. Shingayen jami'an tsaro ne bi da bi, kafin ka saki birki daga wannan ka hango na gaba. Ba wanda ya matsa mana, gaisuwa ce da tambayar ina za mu, wani lokaci a leƙa but. Sai dai ni kowane shinge taka birki ne, kowane taka birki kuwa girgiza ce. Gefen hanya gonaki ne an share ana jiran ruwa, ƙasa ja-ja da rairayi, shanu ramammu a gindin bishiyoyi. Wajen Daddara muka ga mutane suna ta kai taki gona a amalanke tun kafin rana ta yi tsaka. A nan Yaya ya daina raha, ya gaya mini sharaɗinsa: ko an gama ko ba a gama ba, da la'asar za mu bar bakin boda, domin hanyar nan ba a yi mata yamma. Na ce to.

Mun isa Magama da hantsi kamar yadda aka yi alkawari. Alhajin Maraɗi bai iso ba. Na kira, wayar ba ta shiga. A wurin nan layin waya wasa yake da mutum, yanzu kana Najeriya, ka matsa taku kaɗan ya ce ka shiga Nijar. Muka ajiye mota a gindin wata darbejiya, wadda mutanen nan ke kira bedi, muka zauna a bencin mai shayi.

Ban taɓa zama a bakin boda ina kallo ba sai ranar. Manyan motoci ne jere har inda ido ya tsaya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, wasu na barci, wasu na wanki. 'Yan dako na tura kura da buhuna, gumi ya jiƙe musu riga kamar an watsa musu ruwa. Masu canjin kuɗi na zagayawa suna kiran sefa, sefa. Mai shayin mutumin Maraɗi ne, yana da dogon burodin nan nasu mai tauri, wanda sai ka tsoma a shayi kafin haƙori ya yarda da shi. Kusa da mu wani direba ne da ya ɗauko albasa, ya ce ya yi kwana da kwanaki a nan yana jiran takardu, har ya fara jin warin kayansa daga inda yake kwance. Ya faɗi haka ba tare da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Da ya tambayi abin da ya kawo mu na gaya masa, sai ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce Allah ya ba da sa'a. Kunya ta kama ni.

Rana ta take. Zafin bazara a Jibiya wani abu ne daban, iskar ma da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. Muka sha ruwan leda har muka gaji, shi ma ɗumi gare shi. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci na langa-langa. Yaya ya sayo mana fura da nono mai kyau a wurin wata Bafulatana, da cuku, wato busasshen cukwin nan na Nijar, da kilishi mai yaji. Abincin ya yi daɗi, wannan kam ba zan ɓoye ba, amma ina ci ina kallon hanyar da ta fito daga boda. Bakanike ya yi barci a zaune. Sau biyu na miƙe da niyyar in ce mu tafi, sai in tuna karkarwar da ke jirana a hanya in koma in zauna.

Sai bayan azahar sosai Alhajin ya ɓullo, dogon mutum siriri da rawani a wuya, ɗan dako na biye da shi da kwalaye a kura. Tun daga nesa yake ba da haƙuri.

"Patron, ka gahwarce ni. Kamiyo sunka toshe hanya tun daga can, ga layi wurin duwan. Tun sahe nike tsaye."

Patron oga ke nan, kamiyo manyan motoci, duwan kuma kwastan. Birki ma furen yake ce masa. Na ce ba komai, don ba ni da ƙarfin cewa wani abu. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayansa.

Na farko ya fi kowanne kyau a ido. Sabo ne fil, yana walƙiya, an huda shi da ƙananan ramuka ko'ina. Irinsa ne samari ke so, don yana leƙowa ta cikin wili. Ban ɓata lokaci a kansa ba. Na ga abin da irinsa ya yi wa wani abokinmu a fili: bayan 'yan makonni tsaga ta fara fita daga bakin kowane rami kamar jijiyar ganye. Ga mai yawo a gari ba laifi, ga mai dafa birki duk Lahadi kuwa bai dace ba.

Na biyu shi ne wanda na yi mafarki. Gida biyu ne aka haɗa da ƙananan notoci: tsakiyarsa alminiyon, zoben da takalmi ke kamawa kuma baƙin ƙarfe. Da na ɗaga shi sai hannuna ya tafi sama fiye da yadda na shirya. Ba sabo ba ne. Alhajin ya faɗa da bakinsa cewa daga jikin motar da ta yi haɗari a Turai aka ciro shi, ƙanwar tawa ce a ƙira, ba irinta sak ba. Amma zoben da sauran kauri, ba tsaga, ba karkata.

Na uku ba ya ɗaukar ido. Ƙarfe ɗaya ne, sabo a kwalinsa, da 'yan tsagogi da aka zana masa a fuska don share ƙura da hayaƙin takalmi, cikinsa kuma da hanyoyin iska masu lanƙwasa don ya riƙa hucewa da wuri. An yi shi ne don irin motata daidai.

Muka aro sikelin wani mai dabino muka rataya su ɗaya bayan ɗaya, mutane sun taru suna kallon masu auna ƙarfe kamar nama. Na biyun ya fi tsohon faifaina, wanda da ma na san nauyinsa, sauƙi da kusan kilo biyu. Na ukun ko rabin kilo bai cika ragewa ba. A kuɗi kuwa na biyun ya kusa ninka shi, duk da tsufansa. Ban yi dogon tunani ba na ce a gwada na biyu.

Bakanike ya sa jak, ya cire taya, ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe takalman birki, ya zare tsohon faifan. Sabon ya shiga, ramukan noti sun yi daidai, har na fara murmushi. Da ya zo mayar da kalifa sai ta ƙi zama. Faifan ya ɗan fi nawa fitowa waje, yana gugar ƙarfen da ke riƙe ta. Tazarar ba ta fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba. Ya juya, ya sake juyawa, ƙarfe na kukan ƙarfe.

Ya share gumi da bayan hannu ya ce, "Oga, wannan ba matsala ba ce. Washa biyu-biyu zan sa a bayan kalifar ta matso, sai mu kai wa mai walda can ya ɗan goge nan da giranda. Daram zai zauna. Mun sha yi."

Na san abin da hakan ke nufi. In aka cusa washa, wato 'yan zoben ƙarfen nan, notin da ke riƙe kalifa ba zai shige har ƙarshensa ba, kuma ƙarfen da aka goge ya rage ƙarfi ke nan. Na kuma san cewa mutane da yawa suna yawo da irin wannan gyara ba abin da ya same su. Ga gajiya, ga zafi, ga wuyana kamar an ɗaure da igiya. Na yi tafiyar nan duka saboda wannan faifan, ga shi a jikin motata, abin da ya raba mu ɗan ƙanƙani. Na ji bakina yana cewa, "To je ka nemo washar."

Yaya yana tsaye a bayanmu da hannu a baya. Tunda aka fara aikin bai sa baki ba. Sai ya tambayi bakanike, a hankali, ko haka masu motar suka ƙera ta. Bakanike ya ce a'a, dabara ce. Ya sake tambaya, in abin zai kwance, yana yin wata alama tukuna? Bakanike ya yi 'yar dariya ya ce in sha Allahu ba zai kwance ba. Yaya ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, ranar Litinin wa zai fita da motar nan?"

Ya koma benci ya zauna. Na tsaya ina kallon faifan. Ni in na shiga fili da hular kwano nake shiga, da bel a ɗaure, kuma na san abin da aka taɓa a motar, kunnena na kansa. Maiɗakina kuwa makulli kawai zan miƙa mata in ce an gyara, ta zuba yara a baya ta tafi.

Na ce wa bakanike ya cire. Ya dube ni ya ga da gaske nake, ya cire. Alhajin Maraɗi bai yi ƙoƙarin juya ni ba ko kaɗan. Ya ce wanga yana da mai so a can, in ɗauki wanda ya zauna lahiya. Ya naɗe shi a takarda ya mayar kwali, ni kuwa na bi shi da ido har ya rufe.

Na ukun ya shiga kamar a nan aka haife shi. Amma aikin bai zo da sauƙi ba, don a gefen hagu wani noti ya kafe, ya ƙi motsi. Aka zuba masa mai, aka buga, aka sa dogon bututu a sifana, ni da ɗan dakon nan muka hau muka danna tare kafin ya saki da wata ƙara. Ana kiran la'asar muna ɗaure taya ta ƙarshe. Yaya ya riga ya yi alwala yana duban agogo. Da ma mun riga mun sa sababbin takalman da na taho da su daga Kano, sai muka sallami Alhaji da ɗan dako, muka yi salla a gaggauce, muka kama hanya. Direban albasa yana nan inda muka same shi. Ya ɗaga mana hannu daga kwance.

Sabon faifai ba a yi masa tsawa, sai an bi shi sannu har ya saba da takalmi. Na riƙa takawa a hankali ina saki. A shinge na farko na riƙe sitiyari da ƙarfi ina jiran karkarwa, don hannuna ya riga ya saba. Ba ta zo ba. Motar ta tsaya sumul. Na ji Yaya ya sauke numfashi. Mun shiga Katsina rana na faɗuwa, kuma a nan ƙarfina ya ƙare. Na ce ba zan iya kaiwa Kano ba. Muka sauka a gidan wani tsohon abokin aikin Yaya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ban san lokacin da na gama ci ba.

Da safe muka ƙarasa gida. Kun dai lura Lahadi ce, kuma ban je fili ba. Abokai sun yi ta kira suna tambayar faifan alminiyon da na cika su da labarinsa. Na ce bai samu ba, na kashe wayar na kwanta. Har yanzu da nake wannan rubutu in zan waiwaya sai na juyo da jikina duka.

Ga mai shirin irin wannan tafiya, abin da zan ce kaɗan ne. Kafin ka tashi ka sa a auna maka komai a turo, har da zurfin faifai, ba faɗinsa da ramukan noti kaɗai ba, don ni a nan na faɗi. Kada ka yi doguwar hanya da birkin da ke rawa, ka cire tsohon faifan ka sa a jaka ka hau motar haya. Kada kuma ka yanke shawara a kan birki da rana tsaka, kana jin yunwar gida, sai da wani a kusa wanda ba ruwansa da son mota. Rashin nauyi abu ne mai daɗi, har yanzu in na tuna yadda faifan nan ya tashi a hannuna sai in ji wani iri. Amma motar da ke aiki biyu, mai son gudun ne ya kamata ya yi haƙuri.

Ranar Litinin na tsaya a bakin ƙofa ina kallo maiɗakina ta fita da yara. A ƙarshen layinmu akwai wani tudu da kowa ke taka birki. Na ga jar fitila ta kama, motar ta lafa, ta haye, ta sha kwana. Ban koma ciki ba sai da na daina jin ƙarar injin. Da yamma na tambaye ta yaya birkin. Tana cire wa ƙaramin takalmi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wane birki? Ban ma tuna da shi ba."